Tarin Hajiyarmu wai ba asma ba ne, likita ya ce DIPNECH, wa ya san shi?

Yar_Fagge:
Salam jama'a, dan Allah masu aikin asibiti ku taimaka. Hajiyarmu shekara da shekaru tana fama da busasshen tari, ba majina ba komai, da daddare sai ta jingina da filo biyu, in ta hau bene kuwa haki kamar wadda aka koro. An ce asma ce, inhela kala-kala wlh ba abin da ya canza, an yi gwajin tarin fuka ma ba ta da shi. Yanzu hoton CT ya nuna 'yan ɗigo-ɗigo a huhunta duka biyun, likita ya ambaci DIPNECH. Ita da ko warin taba ba ta so. Kansa ce?

Dakta_huhu:
Wa alaikissalam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Akwai wasu ƙwayoyin halitta a bangon hanyoyin iska na huhu da ke fitar da sinadaran homon, kowa yana da su 'yan kaɗan, to a wannan ciwon sai su yi ta hayayyafa, tabo ya taru a ƙananan hanyoyin su matse, iska ta shiga ta kasa fita duka. Shi ya sa inhela ba ta cika yi ba, tabo ai ba ya buɗewa da fesawa. Sai 1992 aka fara bayaninsa sosai, a kan mutum 6 kacal, kuma yawanci mata ne 'yan 50 zuwa 60 da ba sa shan taba. Shi wannan ciwon ba kansa ba ne, amma in ƙwayoyin suka taru suka yi ƙullin da ya kai milimita 5 ana ɗaukarsa ƙari mai suna kasinoid, wani nau'in kansa, shi ma galibi a hankali yake girma.

Baban_Sadiq:
Anya ba hayaƙin icce ba ne? Iyayenmu mata sun sha murhu. A gwada zuma da citta.

Dakta_huhu:
Hayaƙin icce yana lalata huhu tabbas, amma wannan ba a gano musabbabinsa ba har yau. Zuma ba laifi in ba ta da suga, sai dai ba ta taɓa tabon. Yar_Fagge, hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, ɗigo-ɗigo haka kan zo da wata kansar da ta yaɗu daga wani wuri, don haka ku tambayi likitan ko za a ciri tsokar huhu a duba, da gwajin busa iska. In ya tabbata, akwai allurar octreotide ta wata-wata da ke rage wa wasu tarin, tsada gare ta, kuma tana iya kawo gudawa da tsakuwar matsarmama.

Yar_Fagge:
Na gode Dakta, Allah ya saka. Maganar yankan ce za ta yi wuya, Hajiya ko allura sai an lallaɓa. Bari in kira Yaya mu je tare ranar Litinin.