Abin da Masifa Ke Bari a Baya

A wata tattaunawar dattawa da 'yan kasuwa a Sakkwato, an ba da shawarar kada a yi gaggawar cewa masifa ta sauya al'umma sai hankali ya kwanta. Korona ta 2020 ta kawo takunkumin fuska da bokitan wanke hannu, yau babu labarinsu. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kuwa ya bar tabo, domin har mahauci yanzu yana karɓar kuɗi ta waya. Wani dattijo ya ce don a gane sauyin da zai ɗore, a duba ko sabon halin yana sauƙaƙa neman abinci. Ina ganin yana da gaskiya, ko da yake makiyayan da farin 1973 ya talauta, ba sauƙi ne ya kai su birni ba.