Wane suna za mu raɗa wa "modal verb" da Hausa?

Jama'a, ina neman shawararku, musamman malaman harshe na Samaru da Kongo a nan Zariya. Ina koyar da Turanci da yamma a Tudun Wada, yara masu shirin WAEC. Ranar Talata na rubuta kalmomi tara da ake kira "modal verbs" a allo: can, could, may, might, shall, should, will, would, must. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mun san suna, mun san aikatau, mun san sifa. Su waɗannan me ake ce musu da Hausa?" Na tsaya da alli a hannu ban ba ta amsa ba. Tun ranar abin ke cina, domin na lura yaro ya fi riƙe abin da ya san sunansa da harshen gidansu.

Kafin a raɗa suna sai a san halin mai sunan. Waɗannan kalmomin ba sa ɗaukar aiki da kansu. A "she can cook", girkin yana cikin cook. Abin da can ta ƙara shi ne ta iya. Sa must a gurbinta, girkin ya zama dole. Sa should, ya zama abin da ya kamata. Sa might, ya koma wataƙila. Aikin ɗaya ne, matsayin mai magana a kansa ne ke sauyawa: iyawa, izini, tilas, shawara, ko zato.

Kuma suna da ka'ida mai tsauri. Aikatau da ya biyo bayansu zuwa yake tsurarsa, ba ɗafin s, ba ing, ba to. "He must go" ake cewa. Rabin jan biron da nake yi a littattafan yarana a kan "he must to go" da "she can cooks" yake ƙarewa.

Da na fara tambaya, wani abokin aikina ya ce a kira shi "mataimakin aikatau". Malam, na girmama wannan, amma rigar ta yi masa yawa. Be da have da do su ma taimakon aikatau suke yi, ga shi kuwa halinsu daban: has da does suna sauya kama, must ba ta taɓa sauyawa. In muka ba su suna ɗaya, yaro zai haɗa su a tukunya ɗaya.

Wata Malama ta ce "aikatau na yanayi". Da na gwada shi a aji, yaro ɗaya ya ce ko zafi da sanyi nake nufi. Na ajiye shi.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne "ma'aunin aikatau", domin yana da hujja. Kalmar modal daga Latin ta fito, daga modus, wadda ke nufin awo ko salo. Kuma gaskiya ne akwai awo a ciki: daga might zuwa may zuwa should zuwa must, kamar ana ƙara cika mudu ne. Sai dai ma'auni ba ya ba da izini, ba ya hani. "May I come in?" ba awo ba ne, sallama ce a bakin ƙofa.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne "linzamin aikatau".

Ga dalilina. Masanan da suka tsara mana kalmomin nahawu sun riga sun shiga bargar dawaki. Wakilin sunan da ke gaban aikatau, irin "ya" a "Audu ya tafi", zagin aikatau suka kira shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a ƙofar fadar Zazzau ya ga zagi yana tafe gaban dokin mai sarauta. To in aikatau doki ne har yana da zagi, me zai hana ya sami linzami? Doki ke tafiyar, amma linzami ke faɗin yadda za a yi ta. A ja shi da ƙarfi, must. A taɓa shi a hankali, should. A sake shi, can ko may, ka sami hanya. A bar shi yana lilo, doki bai san gabas za a yi ko yamma ba, might ke nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda sunan ke koyar da ka'ida da kansa. Ba a sa wa doki linzami biyu a baki ɗaya. Mu a Hausa muna cewa "zai iya zuwa", babu laifi ko kaɗan, don haka yaro ya ɗauko shi kai tsaye ya rubuta "he will can come". Daidaitaccen Turanci bai yarda da jera biyu ba, sai a ce "he will be able to come". Jiya da na ce musu linzami ɗaya, doki ɗaya, ba wanda ya sake wannan kuskuren a aikin aji. Haka kuma linzami a baki yake, a gaba, ba a wutsiya ba. In tambaya ce ma shi ke fitowa farko: "can you hear me?" Babu buƙatar kiran do.

Wannan misalin ya tuna mini wani abu da nake son malamai su riƙa nuna wa yara. Akwai linzami da aikatau da suka saba tafiya tare har sun zama kamar kalma ɗaya a bakin masu harshen. Mu "ina jin ka" muke cewa a waya, su "I can hear you". Haka can see. Wanda ke neman abu cikin ladabi "I would like" zai ce, domin "I want" tana iya fita da kaushi a gaban babba. "He must have forgotten" kuwa ba tilas a cikinta, "lalle mantawa ya yi" take nufi, wato zato mai ƙarfi. Sai wadda ke kayar da yara a jarrabawa: "you must not go" kada ka tafi ne, "you don't have to go" kuwa ba dole ba ne ka tafi. Tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce.

Na san inda za a kama ni. Ought tana tafiya da to, ta karya ka'idar tsura. Na yarda, kuma su kansu masu nahawun Turanci a gefe suke ajiye ta tare da need da dare. Wani kuma ya ce yaran yanzu babur suka sani ba doki ba. Yaran Zariya dai sun san linzami, na tambaye su ɗaya bayan ɗaya.

Saura jam'i. Ni "linzaman aikatau" nake rubutawa, daga linzamai. Ranar Asabar zan sa shi a saman allo, kalmomin tara a ƙarƙashinsa. Malamanmu na sashen harsunan Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello, in akwai kalmar da aka riga aka tsayar a ƙamus, don Allah ku faɗa mini kafin ranar, ita zan rubuta.