Baba ya ce a wanke masa ƙoda, Yaya ya ce takarda za a bi

Mai tambaya: Assalamu alaikum, a sakaya sunana. Mahaifinmu na kwance a wani asibiti nan Kano da ciwon ƙoda. Bara, yana da ƙarfinsa, ya sa hannu a takarda gaban shaidu cewa in ciwo ya yi tsanani kada a yi masa wankin ƙoda. Shekaranjiya sai ya ce wa nas ɗin dare shi yanzu yana so a wanke. Ta rubuta a fayil, Yayanmu ya hau faɗa wai shisshigi ta yi, zafin ciwo ne ke magana. Don Allah ina mafita?

Wata nas, Tarauni: Allah ya ba Baba lafiya. Ƙanwata, irin wannan takarda ana yin ta ne saboda ranar da mutum ba zai iya magana ba. Baba kuwa yana magana. Muddin yana cikin hayyacinsa, abin da ya faɗa yau ya shafe na bara. Ita kuma nas aikinta ta yi: ta rubuta kalamansa da lokacin da ya faɗa, ta sanar da likita, ta shaida wa wadda ta karɓe ta da safe. Da shiru ta yi, shi ne laifi. Amma Yayanku ma ba a banza ya yi maganarsa ba, don in ƙoda ta gaza, dattin da ke taruwa a jini yakan rikita tunani. Ku roƙi likita ya zauna da Baba su kaɗai, da Hausa, ya gwada ko ya gane cewa wankin nan sau biyu ko uku ne a mako, kusan awa huɗu kowane zama, kuma ba warkar da ƙodar yake yi ba.

Wani lauya, Fagge: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a yi wa majinyaci bayanin zaɓin da ke gabansa. A 2001 ma, a shari'ar Dakta Okonkwo, Kotun Ƙoli ta ce baligi mai hankali shi ke da ta cewa kan maganin da za a yi masa. In likita ya gamsu cewa Baba na cikin hayyacinsa, a rubuta sabuwar takarda da kwanan wata, a ja layi a tsohuwar.

Wani malami, Gwale: Ko wasiyyar dukiya ai mutum na iya janye ta kafin rai ya yi halinsa.

Wata Hajiya, Kurna: 'Yar nan, duk sun yi ta zagaye. Wa ke biyan kuɗin asibitin? In Yayanku ne shi kaɗai, to ba takarda ke damunsa ba, kunya ce ta hana shi cewa aljihu ya gaza. Ku tara dangi har da baffanninku, kowa ya faɗi abin da zai iya duk mako, ku kuma leƙa ofishin jin ƙai na asibitin.