Abin da muka tsayar kan shirin Misa

Jiya bayan Misa mun zauna da katikis da 'yan kwaya (mawaƙan coci) a cocinmu na Katolika nan Sakkwato kan inda za mu riƙa samo karatu da addu'o'i, don wallahi kowa sai ya ɗauko nasa a waya ranar Lahadi a rikice.

Baba katikis ya ce a fara da Ordo na bana, wato littafin kalandar coci, shi ke nuna karatun ranar da kalar rigar Fada. Karatun Lahadi zagayen shekara 3 ne, A Matiyu, B Markus, C Luka. Inda muka fi daɗewa shi ne intanet, yawancin shafukan na Amurka ne kuma kalandarsu ba tamu ba ce, misali 1 ga Oktoba mu bikin Maryamu Sarauniyar Najeriya muke yi, su babu ruwansu, haka 20 ga Janairu na Fada Tansi, Fada ɗan Najeriya da coci ke girmamawa. Takardun Fafaroma kuwa a shafin Vatican kawai, ba abin da aka turo a WhatsApp ba.

Wata mama 'yar zumunta ta tuna mana a duba Littafi Mai Tsarki kafin a saya, namu littattafai 73 ne, mai 66 ba littafin Tobit a ciki. 'Yan kwaya kuma ban da Halleluya lokacin azumin kafin Ista, sabuwar waƙa sai Fada ya ji tukuna.