Blockchain da Hausa: ni dai na tsaya a kan "kundin salsala"

1/ Jama'a, duk wanda ya taɓa zama zai koya wa sabon shiga blockchain, wato fasahar adana bayanan ciniki a kwamfutoci, da Hausa ya san tun daga sunan ake fara cin tuntuɓe. Ina jin ana cewa "sarƙar tubali", wasu "sarƙar bulo". Ban gamsu ba. Ka faɗa wa ɗalibi haka, sai hankalinsa ya tafi wajen magina da siminti.

2/ Abin da aka fassara da tubalin nan shafi ne na littafin lissafi. Ana tara cinikin da aka yi, wane ya tura wa wane kaza, a rubuta a shafi guda a rufe. A Bitcoin, kuɗin intanet ɗin nan, kusan duk minti 10 ake rufe shafi ɗaya, tun daga na farko da Satoshi Nakamoto, wanda ya ƙirƙiro Bitcoin, ya kafa ranar 3 ga Janairu 2009. To ka ga "kundi" ya zauna daram.

3/ Sarƙar ce ta fi ɗaukar mini lokaci. Kowane shafi yana da hatimi, wata doguwar lamba da kwamfuta ke fitarwa daga abin da ke rubuce a cikinsa. Ka taɓa ko ɗigo ɗaya, hatimin ya sauya kwata-kwata. Sabon shafi kuwa dole ya ɗauko hatimin wanda ya gabace shi ya ɗora a goshinsa. Wato kowane shafi yana faɗin sunan ubansa: wane ɗan wane, jikan wane, har a dangana da kakan farko. Ai Bahaushe yana da sunan wannan tun tuni: salsala. Asalinta ma Larabci ne, silsila, kuma ma'anarta sarƙa. Wanda ya yi karatun zaure ya san salsalar malamai, wannan ya karɓa daga wancan.

4/ Da wannan kalmar bayanin tsaro yana zuwa da sauƙi. Mai son ya goge ciniki a tsohon shafi sai ya sake rubuta duk 'ya'ya da jikokinsa, alhali dubban kwamfutoci a faɗin duniya suna riƙe da kwafin sahihin.

5/ Za a ce sunan bai nuna cewa kundin a hannun mutane da yawa yake ba. Haka ne, kuma gara hakan, don ba kowane ba ne a buɗe. eNaira, nairar intanet da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Oktoban 2021 an gina ta a kan wani tsarin blockchain mai suna Hyperledger Fabric, inda sai mai izini ke rubutu. Sai mu ce kundin salsala na gayya, da kuma na izini.

6/ Ku gwada a baki: "Kuɗin sun shiga kundin salsala, jira a rufe shafi." Ni dai bai tsaya mini a maƙogwaro ba. Malaman Hausa, inda nake neman hannunku shi ne lambar nan: hatimi za mu bar mata, ko tambari?