Ta yaya ɗalibi zai riƙa lura da tunaninsa yayin rubuta maƙala?

Malam Sani:
Assalamu alaikum. Ina koyar da 'yan shekarar farko a jami'a. Da yawansu sun iya nahawu daidai gwargwado, amma idan na tambayi ɗalibi abin da yake son tabbatarwa a maƙalarsa, sai ya yi shiru. Wace hanya ce za ta sa ya riƙa sa ido a kan tunaninsa tun kafin takarda ta iso hannuna?

Dakta Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam. A 1981 Linda Flower da John Hayes, bayan sun sa marubuta suna furta abin da ke ransu yayin da suke rubutu, sun nuna cewa ƙwararren marubuci yana kai da komo ne tsakanin tsarawa da rubutawa da bita, yana kuma tambayar kansa ko har yanzu yana kan manufarsa. Ɗalibanmu ba su taɓa ganin wannan ba, kammalallen rubutu kawai suke gani. Shi ya sa nake rubuta sakin layi a gabansu, ina faɗin shakkuna a fili, ina soke jimla tare da bayyana dalilin soke ta. Daga nan kowa ya rubuta da'awarsa a jimla ɗaya, da wanda yake wa rubutun, kafin ya buɗe kowane littafi.

Malam Garba:
Na goyi bayan Dakta, sai dai a ganina bita ce ta fi rauni. Binciken Nancy Sommers na 1980 ya gano cewa ɗalibai suna ɗaukar bita a matsayin sauya kalmomi, alhali ƙwararru suna sake gina hujjar ce gaba ɗayanta. Ka sa su rubuta aikin kowane sakin layi a gefen takarda bayan daftarin farko. Duk sakin layin da aka kasa faɗin aikinsa, ko dai a cire shi ko a sake rubuta shi.

Hauwa:
Malamaina, ni ɗaliba ce, kuma ina roƙon kada a sanya maki a kan irin wannan bayani na gefen takarda, domin da zarar an sanya, abin da malami ke son ji za mu rubuta, ba inda muka rikice ba.

Malam Sani:
Na gode, Hauwa. Zan karɓi bayanin tare da daftari, amma makin zai tsaya a kan maƙalar ƙarshe.