Ruwan da kamfanin giya ke sakowa rafi: guba ne ko wari ne kawai?

Manomin Rani:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Wani kamfanin giya ne ke sako ruwan wanke-wankensa cikin rafin da muke ban ruwa da shi. Ga kumfa, ga warin tsami, da asuba kuma sai ka tarar kifaye sun taso sama suna haki, wasu sun juya ciki fari fat. Wani ma'aikacinsu ya ce mana ai hatsi ne da yis, babu guba. Masana, haka ne?

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam Malam. Ya faɗi gaskiya, amma bai ƙarasa ba. Hatsin nan shi ne matsalar. Ragowar sukari da yis abincin bakteriya ne, su kuwa wajen cinsa suke shanye iskar oksijin ta cikin ruwa, kifi ya rasa abin shaƙa. Abin ya fi tsanani da asuba saboda tsirran ruwa ba sa samar da oksijin cikin dare. A ma'aunin da muke kira BOD, wato yawan oksijin da bakteriya ke shanyewa wajen cinye dattin ruwa, ruwan kamfanin giya yakan haura miligiram 1,000 a lita, na gidaje kuwa 200 zuwa 300 ne. Kuma kowace lita ta giya tana barin lita 3 zuwa 10 na ruwan datti. Sannan bai ambaci sodar da suke wanke kwalabe da tankuna da ita ba. Wannan ta fi shafarka, don sinadarin sodiyam da ke cikinta yana sa ƙasa ta cushe, ruwa ya daina ratsa ta.

Uwar Biyu:
To Injiniya, babu yadda za a tace shi ne?

Injiniyan Ruwa:
Akwai mana, Hajiya. Tun shekarun 1970 Gatze Lettinga na ƙasar Holan ya fito da tankin UASB, inda bakteriya ke cinye dattin su ba da gas na konawa. Kamfanonin giya da dama na amfani da shi. Wanda ya ƙi, ya ga zubarwa a rafi ta fi masa araha ne.

Tsohon Sufeto:
Doka ba ta yi ƙaranci ba. Amurka tun 1972 ta hana sako irin wannan ruwa sai da izini, taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a birnin Rio a 1992 ma ya ce mai gurɓatawa shi zai biya. Inda gizo ke saƙa shi ne bincike: a sanar da kamfani ranar zuwa, ranar sai a kunna injin tacewa, dare ya yi a buɗe bututu. Malam Manomi, ku ɗebi ruwan da daddare, a sama da bututun da kuma ƙasa da shi, cikin kwalabe masu tsafta. Ku sa a ƙanƙara, ku rubuta lokaci, ku kai ɗakin gwaji da sassafe, sannan ku shigar da koke da sakamakon a hannu.